Rasuwar Babbar Lauya Esnath Thindwa da Ƙarar Ranar Talata

Cikin alhini da sallama lamari ga Mai kowa mai komai, Zauren Lauyoyin Ɗaukaka Ƙara na Blantyre yana sanar da Masu Girma Alƙalai, da manyan lauyoyi da ƙanana, da ma'aikatan kotuna, da ɗaukacin jama'a, cewa da safiyar Asabar ɗin nan muka samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan Zaure, kuma tsohuwar Shugabarsa, Babbar Lauya Uwargida Esnath Lusungu Thindwa, wadda manya da yara suka fi sani da Mama NyaThindwa. Ta rasu a gidanta da ke unguwar Namiwawa bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, tana da shekara sittin da bakwai a duniya. Ta bar mijinta, dattijon arziki Baba Khumbo Msiska, tsohon shugaban makarantar sakandare, da 'ya'ya uku da jikoki biyar. Iyalin sun tsayar da cewa za a binne ta ranar Talata da hantsi a Bolero, mahaifar mijinta, can gundumar Rumphi.

Marigayiyar ta fara aiki a matsayin lauyar gwamnati, daga baya ta buɗe nata ofishin a saman wani shagon atamfa a Limbe, inda ta shafe fiye da shekara talatin ba ta taɓa wata shari'a ba sai wadda aka riga aka yanke, aka kuma kawo mata don ta nemi kotun sama ta sake dubawa. Wannan aiki ne da ba shi da 'yan kallo, ba shaida a cikinsa, ba kuka, ba wanda za a rutsa da tambaya ya rikice. Mutum ne da tulin takardu da kujera da ciwon baya. Ita kanta takan ba da labarin ranar da mahaifiyarta ta zo daga ƙauye don ta ga 'yarta a kotu, aka tashi tsohuwar ta ja ta gefe ta ce, “Esnath, wai aikin ke nan? Ki tsaya kina karanta wa dattawa uku littafi suna katse ki, kina ba su haƙuri?” Mama NyaThindwa takan ce ba ta taɓa jin wanda ya bayyana sana'armu daidai kamar tsohuwar nan ba.

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta ya san ba ta wasa da kundin shari'a. Takan karanta shi daga bango zuwa bango kafin ta saurari lauyan da ya faɗi a kotun ƙasa, domin a cewarta wanda aka kayar ba ya rasa labari mai daɗi, kundi kuwa abin da aka faɗa kawai yake riƙewa. Idan lauya ya kawo mata dalilan ɗaukaka ƙara goma sha biyar yana taƙama, sai ta cire tabarau ta ce, “Ɗana, alƙalin nan bai yi kuskure goma sha biyar ba, ko da barci yake yi. Nemo mini biyun da kake iya rantsuwa a kansu.” Ba ta yarda a zagi alƙalin da ya yanke hukunci na farko, ko a rubuce ko a baki, don waɗanda za su saurare ka su ma daga can suka taso. In alƙali ya yi tambaya, a fara ce masa e ko a'a, bayani ya biyo baya. In akwai rami a cikin ƙararka, kai za ka fara nuna shi, kada ka jira abokin karawa ya tura ka ciki. In ka ga alƙalai sun ajiye alƙalami suna kallonka, ka gama, zauna. Ba ta kuma shiga kotu da yunwa. Dafaffen rogo da shayi a filas ba sa barin jakarta, kuma lauyoyin gwamnati da yawa sun ci rogon nan a barandar kotu kafin ta shiga ta kayar da su.

Babban abin da ta bar wa wannan Zaure shi ne zaman da muke kira Kotun Alhamis. Kowace Alhamis da azahar, duk mai ƙarar da ta kusa shiga yakan kawo ta ɗakin taronmu, uku daga cikinmu su zauna a matsayin alƙalai su yi masa ruwan tambayoyi ba sani ba sabo. Sauran lauyoyi kowa ɓangarensa yake karewa a wannan gwaji. Ita kam ba ta taɓa yin haka ba. Takan ɗora wa wani daga cikinmu nata ɓangaren, ta ba shi kundi ya je ya karanta, ita kuma ta koma ɓangaren gwamnati ta yi ta dukan ƙararta da hannunta har sai ta ga inda take yoyo. Mun sha yi mata tsiya cewa wayo ne, so take ta more ƙwaƙwalwar mutane a kyauta. Amsarta ɗaya ce kullum: ƙarar da ke cikin kan mutum ɗaya ba ta da tsaro, domin kai yana ciwo, mota tana lalacewa a hanyar Zomba.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ya zama dole Zauren ya yi wa iyalin marigayiya da jama'a a fili, tun kafin a ji ta a bakin wasu. A ranar Talatar da za a yi jana'iza, da ƙarfe goma na safe, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sa za ta saurari ƙarar Mista Fanuel Likoswe, wani masunci daga bakin tafkin Chilwa da ke zaman ɗaurin rai da rai, shekara tara ke nan, bisa kisan da ya ce bai yi ba. An ɗaure shi ne da shaidar mutum guda, wanda ya ce ya hango shi ta baya, da magariba, daga ɗaya tsallaken rafi. Marigayiyar ce lauyarsa, kuma ba a kawo mata ƙarar ba, ita ta je gidan yari ta same shi. Mista Likoswe yana fama da tari mai tsanani tun bara. Idan aka ɗage zaman Talata, sai bayan Oktoba za a sake samun gurbi, wato zai sake cin sanyin hunturun ƙasar nan na Yuni da Yuli a kan siminti, kuma ba mu da tabbacin ƙirjinsa zai kai shi.

Al'adarmu sananniya ce. Idan babba ya rasu a cikinmu, mukan roƙi kotu ta ɗage duk ƙararrakin 'yan Zaure na ranar, mu ɗunguma mu raka gawa har kabari, kuma Masu Girma Alƙalai, Allah ya saka musu, sun riga sun aiko cewa a shirye suke su amince. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake cewa game da mutumin da bai je jana'izar abokin zamansa ba. Kwamitin Zaure ya zauna ranar Lahadi, an yi musu mai zafi, an kuma ɓata wa juna rai kafin a cimma matsaya. Matsayar ita ce za mu nemi ɗage kowace ƙara ta ranar, ban da ta Mista Likoswe.

Wanda zai tsaya masa kuwa ni ne, Mdoka, mai sa hannu a wannan takarda, domin ni marigayiyar ta ɗora wa ɓangarenta a Kotun Alhamis tun watan jiya. Zaman farko ta yi kaca-kaca da ni a gaban yaran da na koyar. A zaman Alhamis ɗin da ta wuce, wanda ba mu san shi ne na ƙarshe ba, ta sake taso mini da tambayar da ta fi kowace wuya, wato me ya sa lauyan farko bai ƙalubalanci shaidar hangen ba tun a kotun ƙasa. Na amsa, ta rufe kundinta ta ce, “To, Che Mdoka, yau kam ba ka ba ni kunya ba. Sai dai ka rage surutu, kana maimaita kanka kamar mai wa'azin kasuwa.” Shekara talatin da ɗaya muna tare, wannan ne yabo mafi girma da na taɓa samu daga bakinta. Ina faɗa a fili cewa zuciyata tana Bolero, kuma rashin ganin an sa ta a makwancinta zai dame ni har ƙarshen raina.

Da yammacin Lahadi ni da Shugaban Zaure, Babban Lauya Mista Alick Kumwembe, muka je Namiwawa. Tun daga bakin titi an shimfiɗa ganye, alamar gidan makoki, matan coci suna waƙa a tsakar gida, maza suna zaune a waje. Muka durƙusa gaban Baba Msiska muka faɗa masa abin da muka yanke, muka nemi gafararsa da ta dangi. Dattijon ya ce, “Che Mdoka, da kun ɗage ƙarar nan saboda ita, da ba ta bar ni na yi barci ba ko daga can. Tun bikin Kirsimeti sunan mutumin nan nake ci da tuwon nsima a gidan nan. Masu ɗaukar akwati ba za su yi mana kaɗan ba a Bolero.” Ya shiga ciki da kansa ya fito da baƙar rigarta ta kotu, ya ce ranar Talata a rataya ta a kujerar da ke kusa da tawa a kotu.

Saboda haka Zauren yana sanar da 'ya'yansa cewa motocin rakiya za su tashi daga harabar ofishinmu ranar Litinin da sassafe, ƙarƙashin jagorancin Shugaba. Kotun Alhamis za ta zauna a wannan mako kamar kullum, kuma mai ƙara a mako mai zuwa kada ya ce makoki ya hana shi shiri.

A madadin Shugaba, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin 'yan wannan Zaure, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Baba Khumbo Msiska, da 'ya'yansu Tawonga da Vitumbiko da Suzgo, da jikoki, da dangin Thindwa da na Msiska baki ɗaya, da ma'aikatan ofishinta na Limbe, da mutanen da ke gidajen yari waɗanda suka saba ganinta ranar Juma'a da jakarta. Muna roƙon Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ya sa aikin da ta yi wa marasa gata ya bi ta, ya kuma kai masu rakiya lafiya ya dawo da su lafiya.

Ba mu san yadda Masu Girma Alƙalai za su yanke ba, marigayiyar ma ba ta taɓa yi wa mai ƙara alkawarin nasara ba. Abin da ta yi wa Mista Likoswe alkawari shi ne ranar Talata za a kira sunansa, wani ya miƙe. Ga 'yan uwa da za su tsaya a bakin kabari da ƙarfe goma su duba ba su gan ni ba, ina roƙon ku yi mini uzuri. A daidai lokacin ina tsaye ina faɗin abin da ta shirya faɗa, kuma zan yi ƙoƙari in rage surutu.

Sa hannu:
Jafali Twaibu Mdoka
Kakaki kuma Sakataren Yaɗa Labarai,
Zauren Lauyoyin Ɗaukaka Ƙara na Blantyre