Jawabin Mahaya Dawaki

Greensboro, 6 ga Fabrairu 1995

Yaya Tchima,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara, da ɗalibanki na lakwal.

Kin san karatuna zai ƙare a watan Yuni, takardun zamana ma su ƙare tare da shi in ban sami aiki ba. To, ƙofa ta buɗe. Wani dattijo, Mista Whitlow, tsohon lauya, ya zo sashenmu na Faransanci neman wanda zai tsara masa jawabi. Shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu kuɗi da ke kiwon dawaki a bayan gari, suna kiran kansu Chevaliers. Yana so ya san kalmomin Ingilishi da suka fito daga cheval, wato doki.

Sati uku ina laburare. Chivalry, da suke nufin dattako da kare mai rauni da girmama mata, asalinta halin mahayin doki ne kawai. Cavalry da cavalcade sun biyo ta Italiya kafin su shiga Faransanci, amma tushen ɗaya ne. Har dogon madubin nan mai tsayawa da ƙafafunsa cheval glass suke ce masa. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce cavalier: a da barde take nufi, yanzu kuma wanda bai damu da kowa ba.

Mista Whitlow ya yi alkawarin rubuta mini takardar shaida zuwa wata makaranta da yake cikin hukumarta. Mutumin kirki ne, har ƙofar mota yake buɗe wa matarsa.

Ki gaishe da Inna.
Ƙaninki, Tahirou

Maraɗi, 1 ga Maris 1995

Tahirou,

Muna lafiya, Inna tana sa maka albarka.

Na karanta mata wasiƙarka, sai ta yi tsaki. Ka girma ana ce maka Baba tafinta ne a gidan Bafaranshen nan. Ba tafinta ba ne. Shekara goma sha tara yana kwashe kashin dawakinsa. Ranar da doki ya karya wa Baba ƙugu, Bafaranshen lafiyar dokinsa ya fara dubawa. Shi ma yana buɗe wa madam ɗinsa ƙofa, na gani da idona. Inna ce ta hana a gaya maka, yau ta ce in faɗa.

Ban ce naka haka yake ba. Tambaya ɗaya: takardar nan ya sa hannu, ko dai baki ne?

Yayarka, Tchima

Greensboro, 27 ga Maris 1995

Yaya Tchima,

Ina gaisuwa.

Ranar Asabar da rana aka yi walimar Chevaliers ɗin a gonarsu. Aka zaunar da ni a teburin ƙarshe, kusa da ƙofar kicin. Mista Whitlow ya tashi ya karanta jawabina daga farko har ƙarshe, bai ambaci sunana ba. Wannan ban damu da shi sosai ba.

Cikin masu raba abinci akwai Liyatu, 'yar Kagoro ce ta Najeriya, matar aure mai 'ya'ya biyu, tana karatun nas. A shagon kayan abincinmu na High Point Road muka san juna, muna gaisawa da Hausa. Daidai lokacin da ake karanta wurin da na rubuta cewa barde ba ya bari a wulaƙanta mace a gabansa, wani ƙato mai jan wuya da ke kusa da ni ya miƙa hannu ya kama ta ta baya. Ba kuskure ba ne, dariya yake yi, bakinsa cike da nama. Ta fizge, tiren ya kife masa a cinya. Ya miƙe yana zaginta. Mutum huɗu a teburin sun gani, duk suka sunkuyar da kai a faranti. Shugaban aikinta ya kore ta a tsaye a nan, ta fita tana goge miya a hannun rigarta. Aka ci gaba da jawabi, aka yi tafi.

Da za a watse, Mista Whitlow ya ja ni gefe, ya nuna mini takardar a buge, babu sa hannu. Ya ce, "Tahirou, na ji matar nan za ta kai ƙara wurin kamfanin da take wa aiki. Kai kana sauraron jawabi ne, ko ba haka ba? Ba ka ga komai ba." Ya dafa mini kafaɗa. Har yanzu ina jin wurin kamar an shafa mini wani abu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, ban ce komai ba. Ba a lokacin ba, ba a gabansa ba. Har abincin na cinye.

Maganar Baba kuma, na karanta sau biyar. Me kike gani zan yi?

Tahirou

Greensboro, 3 ga Afrilu 1995

Malam Tahirou,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ba ka ɗaga waya, shi ya sa na ba mai shago wannan ya ba ka.

Kamfanin sun ce za su saurare ni ranar Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma, a ofishinsu na Elm Street. Sun rubuta cewa na zuba wa baƙo abinci da gangan. In wannan ya zauna a fayil ɗina, babu asibitin da zai ɗauke ni. Cikin waɗanda suka gani, kai kaɗai zan iya roƙa. Na san maganar takardunka. In ba ka zo ba, za mu ci gaba da gaisawa.

Liyatu

Maraɗi, 9 ga Afrilu 1995

Tahirou,

Muna gaisuwa. Kwana biyu ina juya wasiƙarka. Mutanen nan ƙazamai ne, ko sunansu ba na son ji. Amma ni na sayar da filina ka tafi, kuma idon Inna sai ƙara rufewa yake yi. Ka yi shiru, ka karɓi takardarka. Matar tana da miji, Allah zai saka mata. Ina jin ƙyamar kaina da nake rubuta wannan, amma na rubuta.

Yayarka, Tchima

Greensboro, 25 ga Afrilu 1995

Yaya Tchima,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso kwana huɗu bayan na je ba da shaida a kamfanin su Liyatu.

Na faɗi abin da na gani, suka rubuta, na sa hannu. Sun goge laifin daga fayil ɗin Liyatu, amma ba su mayar da ita aiki ba. Ƙaton ba wanda ya ko kira shi. Sakatariyar Mista Whitlow ta bugo ta ce makarantar ta sami wani.

Da a ce wasiƙarki ta riga isowa, ban sani ba ko da na je. Ban ji haushinki ba.

Ki tambayar mini ko ana neman malamin Ingilishi a lise ɗin Maraɗi ko Tasawa. Zan iso farkon Yuli in Allah ya yarda. Kada ki gaya wa Inna dalili, ni zan zauna a gabanta in faɗa mata.

Ƙaninki, Tahirou