Baba Ya Koma Bakin Aiki

Damagaram, 2 ga Maris

Zuwa ga Yaya Amos,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiyarka, da ta Godiya da yara? Yaya zafin Yamai? Mu nan sai godiya.

Na ga saƙonka, wai in sa wa ƙofa kwaɗo, ko ka turo mota a kai maka Baba. Yaya, faɗa da baki ba wuya! Mutumin da ya shekara talatin yana allura da ɗaurin ciwo zan kulle kamar akuya? Amma gaskiyarka, ruɗewar tsufan nan ta ishe ni. Kullum da hantsi sai ya zura farar rigarsa ta aiki ya nufi tsohon gidan likita, wai majinyata na jiransa. Ni ina lakwal gaban ɗalibai, hankalina yana kan titi.

Ka san gidan nan ya sha hannu. Da aka kwashe majinyata zuwa sabon gini, wurin ajiyar gyaɗa aka mai da shi. A yunwar tamanin da huɗu can muka yi layin hatsi, kana ta zungurina in matsa gaba. Daga baya ya zama aji, har kwano ya fara yoyo aka bar wa jemagu. Yanzu an gyara, mata ke koyon ɗinki a ciki. Baba duk bai san an yi ba. Jiya ya tarar da kekunan ɗinki a ɗakin haihuwa, ya yi ta faɗa har wata ta fashe da kuka. Shugabarsu, Madam Zainabu, ta aiko in zo ran Litinin. Kunya kamar in nutse.

In ta hana shi shiga, ba ni da sauran hujja, sai ka turo motar. Na kuma san in ya bar garin nan ba zai daɗe ba, wannan ne tsorona. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Jinƙai

Damagaram, 16 ga Maris

Yaya Amos,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan murar Godiya ta sake ta. Ka bar motarka inda take.

Na je da ban haƙurina a baki, Madam Zainabu ba ta bari na kai ƙarshe ba. Hannun rigarta ta naɗe, ta nuna mini tabon lamba a damtsenta. Ashe 'yar manoman Garagumsa ce, tana ƙarama aka kawo su a amalanke Baba ya yi musu rigakafi a farfajiyar nan. Ta tambayi manyan matan ajin, shida suka nuna irinsa. Ta ce wanda ya yi musu wannan ba a korarsa daga gidan.

Sun ajiye masa tebur da benci a baranda, da buta da sabulu da auduga. Duk mai shiga sai ta wanke hannu a gabansa, wadda allura ta soke kuma shi zai ɗaure mata. Ka ga mulki! Har ita Madam ɗin ya taɓa mayarwa ta sake wankewa. Da azahar Balki, maƙwabciyarmu da ke koyo a can, takan rako shi gida. Ban san da wane baki zan gode wa matan nan ba, Allah kaɗai zai biya su.

Akwai abin da na ɓoye maka. Tun Kirsimeti Baba bai kira sunana ba, kallon baƙuwa yake yi mini, na sha kuka a madafa. Shekaranjiya na je ɗaukarsa da kaina, ya sa ni a layi kamar kowa. Da na wanke hannu sai ya ɗaga hannun rigata, ya daɗe yana shafa tabona da yatsa. Can ya juya ya faɗa wa matan cewa wannan aikinsa ne, yarinyar har cizonsa ta yi ran nan. Ya ce autarsa ce, sunanta Jinƙai.

Ka gaida mutan gida duka. Ka zo Ista, ka sa riga mai gajeren hannu.

Taka har kullum,
Jinƙai