Kwana Uku Ina Kan Keke, Kina Cikin Ƙasa

Zuwa ga Hajiya Asabe, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni dai ina nan Germantown, a ƙasar Turawa, gidan ɗanki inda kika bar ni. Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba, ƙara na kawo. Shekara huɗu ke nan ina tambaya ɗaya a gidan nan, kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Ban yi boko ba, rubutun ma na yaƙi da jahilci ne, amma tsufa bai mai da ni yaro ba. Na sa takardar a nan ne inda 'ya'yanki za su gani.

Kin tuna sanyi ɗaya kika yi a ƙasar nan kika ce ke Funtua za ki koma, ba kya iya zama inda maƙwabci ba ya sallama. Ni aka riƙe ni saboda aikin zuciyar da aka yi mini.

Bayan tafiyarki na fara ganin wasu kekuna suna shiga dajin bayan gidajenmu. Taya kamar ta babur, batir a ciki, tsoho sa'ana yana hawa tudu ko haki ba ya yi. Ni da na shekara arba'in ina gyaran keke a bakin tasha! Shekara biyu ina yi wa ɗanki Likita naci ya saya mini, kullum amsarsa ɗaya ce, wai zan faɗi.

Sai wata Talata ya ƙi fita aiki. Idonsa jawur, ya ce ƙurar furanni ce. Ya sa ni a mota har shagon kekuna, ya ce in zaɓa.

Hajiya, na zaɓa kuwa. Na danna taya da babban yatsa, na kaɗa sifok, wayoyin tayar nan, ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Na yi ƙorafin ba kariya, ba ƙararrawa, to ina mutum zai goya iyalinsa? Na taya, mai shagon ta yi ta dariya, wai a nan ba a ciniki. Aka kifa mini hular kwano a kan hulata. Na ce a ba ni wayata in gaya miki, Likita ya ce ta lalace, ya kai gyara.

Na ɗaure ƙafar wando da roba na shiga daji. Da na taka feda sai na ji kamar wani ya dafa bayana yana turawa. Tudun da nake tsayawa sau uku in na hau da ƙafa, ban san na wuce shi ba. Saiwoyi, duwatsu, duk keken ya haɗiye. Barewa ta gifta na yi mata ihu. Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye, har waƙa na yi. A raina ina ta shirya yadda zan ba ki labari, ke kuma ki ce, "Malam, kai dai ba ka girma."

Washegari surukarki ta cika mini kula da abinci, ta ce kada in yi saurin dawowa, iska na da amfani. Da yamma na ga motoci suna barin ƙofar gida, aka ce taron ƙungiya ne. Na yarda. Har albarka na sa musu.

Rana ta uku batir ya mutu a tsakiyar daji, don ba wanda ya koya mini cajinsa. Na turo abin nan mai nauyin jaki har gida, tun kafin azahar. Takalma fal a bakin ƙofa. Na shiga da hular kwano a kaina, gumi na zuba, na tarar da falo cike an ɗaga hannuwa. Wani dattijo da ya zo daga garin Bowie, bai san an ɓoye mini ba, ya kama hannuna biyu ya ce, "Malam, ya haƙuri?"

Haka na ji, Asabe. A sadakar ukunki. Baƙo ne ya gaya mini.

Na san al'adarmu ce, ba a jefa wa mai ciwo mugun labari daga nesa. Ni ma na sha cewa da sauƙi a kan wanda na san ba zai tashi ba. Na san ko an gaya mini ba zan riski jana'iza ba. Amma zama fa? Shekara hamsin muna tare, kwana ukun nan nawa ne. Ni ya kamata in zauna a tabarma a zo a same ni. Aka karɓe su aka ba ni abin wasa, ni kuma na karɓa da murna. Dariyar nan ita ce ba na iya yafe wa kaina.

Keken yana nan, kullum ina hawa, amma ban ƙara kunna batirin ba. Da ƙafata nake taka tudun. Likita na faɗa wai zuciyata, na ce yanzu ka tuna ina da ita.

Na tambaye shi wa ya yanke shawarar, ya ce ƙaninki Sani ne. Sani ya ce 'ya'ya mata ne. Su kuma da na taɓo maganar sai kuka. Watan jiya autarki Hadiza ta fara cewa, "Ai Inna ce da kanta," sai ta datse waya.

Tun ranar nake tuna halinki. Ko akuya ce ta mutu ba kya bari a faɗa mini a bakin ƙofa, sai ki ce, "A bar shi ya ci abinci tukuna." Ke ce, Asabe? Kina kan gadon ajali kina shirya mini abin da zai sa ni dariya? In ke ce, to shekara huɗu ina gaba da ɗana a banza, yana ɗauke da laifin da ba nasa ba don kada in ji haushinki. In ba ke ba ce, akwai wanda zan kalli idonsa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa fuskokinmu a inda ba a ɓoye wa kowa komai.

Ke ba za ki amsa ba, na sani. Amma su bakwai kika haifa, kuma duk sun iya karatu. Ba na son haƙuri, ba na son kuka. Ɗayansu ya zo ya zauna a gabana ya faɗa mini wa ya ce kada a gaya mini, tun ina da sauran numfashin da zan yafe.

Naki har gobe,
Malam Garba mai gyaran keke