Zanzaro a Injin Baba

Asabar, 6 ga Yuli

Sharhabil ya zo daga Mando da ledar lemu. Ƙanena, ɗan gaban goshi. Ni na ajiye koyarwa na dawo Unguwar Rimi tun da ruɗewar tsufa ta kama Baba. Ni ke dama kunu, ni ke wanki, ni ke lallashi a sha magani, amma sunana a bakinsa “baiwar Allah”. Shi kuwa ko sallama bai ƙarasa ba, sai “Sharhabilu! Ɗauko sufana.”

Tsohon injin kwale-kwalen nan ne ya haɗa su, wanda Baba ya saya a gwanjo da ya yi ritaya daga sashen kiwon kifi. Sun rataye shi a bakin duro cike da ruwa. Mutumin da bai san ko ya yi azahar ba, yau shi ke faɗin yawan baƙin man da ake zuba wa fetur.

Asabar, 13 ga Yuli

Sun wanke kabureta, sun sake fulogi. Injin ya tashi, hayaƙi ya turare min shanya. Sai Baba ya daka tsawa: “Kashe! Ba ya fitsari!” Wai akwai ƴar ƙofa a gefe da ruwan da ke sanyaya inji yake tsartuwa, in bai fito ba injin ƙonewa zai yi.

Rabon da in ji muryarsa haka tun kafin rasuwar Inna. Kuma ba don ni ta fito ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Ina kwashe shanya na ga zanzaro ya nufi ƴar ƙofar nan ɗauke da laka. Ya tafi, ya dawo da wata. Ashe mai gida ya daɗe da tarewa.

Asabar, 20 ga Yuli

Sharhabil ya kwance ƙasan injin kaf, ya sa sabuwar robar famfo da ya sha yawo a Panteka kafin ya samo. Gumi har cikin ido. Ba ruwa.

“Yaya Sa’a, ke da kike gida, ko kin lura da wani abu?”

“Ni? Baiwar Allah ce fa. Me na sani?”

Duk littattafan da na karanta sun ce hassada na cin mai ita. Ba wanda ya yi gaskiyar faɗin daɗinta.

Sharhabil ya ce ya gaji, a kira ƴan gwangwan su ɗauke injin.

Asabar, 27 ga Yuli

Sharhabil bai zo ba. Baba ya sa hula tun safe, ya ja kujera gaban duro. Kunu ya huce na ɗumama, ya sake hucewa. Ko baiwar Allahn ma yau ban samu ba. Da hadari ya taso na ce ya shigo, ya dube ni irin kallon da ake yi wa bango.

Abin da nake so ke nan ai, daga ni sai shi. To ga shi nan.

Lahadi, 28 ga Yuli

Tsinken tsintsiya ya isa. Na zura shi a ƴar ƙofar nan, laka ta zubo, har da ƴar tsutsa. Na kira Sharhabil.

“Zo ka ja igiyar nan, kafaɗata ba ta iyawa.”

“Yaya, injin nan ya mutu.”

“Kai dai zo, sarkin kanikawa.”

Ya ja, ya tashi, ruwa ya tsarto siriri. Baba ya tara hannu ya ji ɗuminsa, yana dariya har da tari: “Sharhabilu ya gyara!” Sharhabil ya dubi lakar a ƙasa, ya dubi tsinken da ke hannuna. Ya buɗe baki, na harare shi ya rufe.

Da aka kashe, Baba ya miƙo min sufana. “Baiwar Allah, riƙe. Kar ki ba kowa.”

Talata, 30 ga Yuli

Na toshe ƙofar da tsinke saboda zanzaro, kar in manta in cire ranar Asabar. Na sayo baƙin mai, hanya ce kawai ta bi da ni ta wurin.

Sharhabil ya bugo yana neman sufana, wai zai gyara babur. Na ce ya sayi tasa. Baba ya ce kar a ba kowa.