Ranar da Motata Ta Ƙi Tashi

Zuwa ga matata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Inna?

Nan dai sai haƙuri. Wata biyu ke nan takalmina a fashe, harsashi ma ɗaya-ɗaya ake ba mu, amma Kyaftin babu abin da ya dame shi sai gugar kakinsa. Mutumin da bai taɓa leƙa bakin daga ba, shi ke koya mana jarumta ta rediyo.

Ƙaninki Dogo ya ji rauni a ƙafa, yana asibiti. Kada Inna ta ji tukuna.

Mijinki,
Direba

Zuwa ga matata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Wasiƙarki ta iso, kuma addu'ar da kika yi mini ita ta hana ni sukuni, don na ɓoye miki rabin magana.

An yanke wa Dogo ƙafa. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da ba a kai ga haka ba.

Ranar da ya ji raunin, Kyaftin ya aike ni tsohon sansani in ɗauko masa katifa, ta hanyar da nakiya ta cinye mana mutum uku. Zuciya ta ɗebe ni. Na zare fiyus ɗin mota na sa a aljihu, na ce ta ƙi tashi. Mu direbobi duk muna yin haka idan aka yi mana aiken banza. Shi kuma ya hore ni da haƙa rami can bayan tudu.

Ina can aka yi wa sansaninmu ruwan wuta, ya sami Dogo. Sun ɗora Dogo a mota, sun yi ta murza makulli, shiru. Sai da aka fi awa kafin wani ya tuna inda nake. Na zo na mayar da fiyus a ɓoye, ta tashi.

Na zagi Kyaftin har na gaji, amma ba shi ya zare fiyus ba.

Jiya na je duba Dogo. Ya riƙe hannuna, yana ta gaya wa 'yan ɗakinsu cewa mijin yayarsa ne ya gyara matacciyar mota cikin minti ɗaya ya ceci ransa. Na yi masa sallama, na fito da gaskiyar a cikina.

Gobe zan koma in gaya masa. Na so in fara gaya miki, don idan ya ƙi kallona, ke zai nema.

Ki yafe mini in kin iya.

Mijinki,
Direba