Jan Layin Wuyan Safara'u

Jibiya, Talata

Assalamu alaikum, Kaka Ya'u Mai Fenti, tsohon da ya ƙwace mini mata. Ina gaisuwa. Yaya Maradi, yaya idon?

Kaka, na yi ɓarna. Ka san zanenka na bangon tashar kan iyaka: motocin gyaɗa, 'yan dako, da matata Safara'u ɗauke da ƙwaryar fura. Jan layin nan da ka ja a wuyan kowa ya daɗe yana ba ni haushi. Na ce tana raye ba ka saya mata sarƙa ba, ta rasu kuma ka bar ta a yanke? Sai na samo fenti na shafe nata, don in tsokane ka.

Yanzu limamin tasha ya ce hoton ya zama cikakken mutum. Ran Juma'a bayan salla za a shafe bangon duka da farar ƙasa. Wallahi wasa nake.

Jikanka, Maharazu.

Maradi, Laraba

Wa'alaikumus salam, Maharazu. Gwaggonka Maimuna ke rubuta mini.

Ban yi dariya ba. Shekarar da na yi zanen nan, mahaifin limamin ya hana ni zana mutum. Kwana uku ina zarya kafin ya yarda, bisa sharaɗin in raba kowane kai da gangar jiki. Layin nan shi ya tsare bangon shekara arba'in da biyar. Sauran zanena duk ruwa ya cinye ko an rushe. Kakarka kuwa ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Fuskarta ba ta ko'ina sai nan.

An rufe iyaka, idona kuma ya tafi. Ka je wurin liman, ka tuɓe hularka, ka ce kai ne. In ya yarda, ka ja layin da hannunka, ja, siririn zare. Kada hannun ya yi rawa.

Allah ya shirye ka. Kakanka.

Jibiya, Juma'a

Salamu alaikum, Kaka.

Na je. Har sun jiƙa farar ƙasa a bokiti. Liman ya ce in ja a gaban jama'a. Na hau benci, na dube ta, ta dube ni.

Na ja. Layin ya karkace kaɗan, amma liman ya ce a zubar da bokitin.

Tana nan, Kaka. Na bar maka ita.

Maharazu.