Ranar da Jif ɗin Baba Ta Ci Gardama

Nima, Accra.

Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina maiɗakinka da yara, ya daminar Sakkwato? Ya ƙarin haƙurinmu?

Wayar rasuwar Baba ta same ka, ga abin da ba ta faɗa ba. Ka tuna gardamarsa da maƙwabcinmu Malam Isaka. Baba na cewa tsohuwar jif ɗinsa ta sojoji ba ta da nauyi, taɓo ba ya riƙe ta. Malam Isaka na cewa tasa sabuwa ta fi ƙarfin ja. Ba su taɓa gwadawa ba.

Ranar jana'iza ruwa ya lalata hanyar maƙabarta. Malam Isaka ya dage shi zai kai amininsa, muka sa makara a motarsa, na biyo da ta Baba. Bayan unguwar Kotobabi tasa ta kafe a kwari. Dole muka mayar da Baba cikin tsohuwar jif ɗinsa, ta ratsa ko tsayawa ba ta yi ba.

A bakin kabari Malam Isaka, hawaye na zuba, ya kira Baba da sunansa ya ce, "Garba, ka yi gaskiya. Tashi ka yi mini dariya."

Yaya, har yau ban samu ƙarfin zuciyar tayar da jif ɗin Baba ba. A yi ta yi masa addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙanenka,
Audu